Taurarin da ƙura ta zana

A shekarar 1777, a garin Gottingen na ƙasar Jamus, wani malamin jami'a mai suna Georg Christoph Lichtenberg ya ƙera na'urar tara wutar lantarki. Ƙaton faifai ne na daskararren ƙaro, faɗinsa ya kai wajen mita 2, ana goga shi har ya ɗauki caji, irin wanda muke gani idan mun goga biro a gashi ya ɗaga guntun takarda. Lokacin ko batir babu, sai a 1800 ya zo.

Garin ƙaron da aka kankare wajen gyaran faifan ya tashi ya cika ɗaki, da ya lafa sai ya sauka a kan faifan. Amma bai baje kamar yadda ƙura ta saba ba. Taruwa ya yi wuri-wuri ya zana taurari, kowanne da cibiya, rassa na fita ta ko'ina, kowane reshe kuma na sake rabuwa. Lichtenberg ya share, ya sake barbaɗa gari, taurarin suka dawo. Ashe cajin da tartsatsi ya bari ne a maƙale a jikin ƙaron, ƙurar tona asirinsa kawai ta yi.

Mutumin akwai lura. Ya gane cewa caji mai alamar tarawa yana ba da dogayen rassa, mai alamar ɗebewa kuwa dunƙulallen zane yake bari. Ya riƙa danna takarda mai danƙo a kai yana ɗauke zanen ya adana, kuma a 1778 ya wallafa bayaninsa da harshen Latin. Dalilin rassan dai ya rasu a 1799 bai gano shi ba.

Abin da ya biyo baya yana ba mu dariya: an daɗe ana cin moriyar abin ba tare da an fahimce shi ba. A 1924 wani injiniya a Amurka, J. F. Peters, ya yi na'urar da ke auna ƙarfin aradun da ta faɗa wa wayoyin lantarki, ta hanyar duba girman tauraron da ta bari a farantin hoto. A ranar 22 ga Oktoba 1938 kuma, a unguwar Astoria ta birnin New York, Chester Carlson da mataimakinsa suka shafa farar wuta a farantin ƙarfe, suka ba shi caji, suka haska shi, suka barbaɗa gari, rubutu ya fito. Daga nan injin fotokwafi ya samo asali. Duk ranar da muka tsaya a shagon bakin makaranta muna jiran kwafin takardun shaidarmu, dabarar faifan Gottingen ce ke aiki: gari na bin inda caji yake.

Ana cikin haka siffar ta yi ta ɓullowa a wuraren da ba ruwansu da juna. Likitoci sun gan ta a fatar wasu da aradu ta taɓa suka rayu, jan zane mai rassa da kan ɓace cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki. Masu nazarin duwatsu sun gan ta baƙa a tsagar dutse, har wanda bai sani ba ya rantse ganye ne ya daskare, alhali ma'adinin manganis ne. A 1958 Saffman da Taylor a Ingila suka yi bayanin yadda ruwa mara kauri, idan an tura shi cikin mai kauri, ba ya tafiya bai ɗaya, yatsu yake fitarwa. Wannan ciwon kai ne ga masu haƙar fetur da ke tura ruwa cikin rijiya, don ruwan kan ratsa ya bar man a baya. Kowane fanni da sunan da ya raɗa wa abinsa, ba mai leƙa littafin wani.

Kwamfuta ce ta haɗa su. A 1981 Thomas Witten da Leonard Sander suka fito da wani wasa wanda mu masu rubuta manhaja za mu iya kammalawa kafin shayi ya huce. A ajiye ɗigo ɗaya a tsakiyar allo. A sako wani daga nesa ya yi ta gararamba ba alkibla, da zarar ya taɓa na tsakiya ya manne. A sako wani, a sako wani, har dubbai. Ba inda aka rubuta a yi reshe, amma abin da ke fitowa kamar an kwafo shi daga faifan Lichtenberg.

Dalilin ba shi da wuya. Ɗigon da ke yawo zai fi saurin cin karo da ɗan tsinin da ya leƙo waje fiye da ya samu shiga lungu. Tsinin ya samu ƙari, ya ƙara tsawo, ya ƙara tare hanya, lungu kuma ya zauna da yunwa. Mai shi ake ƙara wa. Haka tartsatsi yake, don ƙarfin lantarki a kan tsini yake taruwa.

Har auna shi an yi. Idan aka ninka tsawon layi, abin da ke cikinsa ya ninku sau 2. Idan aka ninka faɗin cikakken faifai, sau 4. Wannan tauraron kuwa sau 3 da 'yan kai yake ninkuwa, ya wuce layi bai kai faifai ba, masana lissafi suka ba shi adadin 1.7. A 1984 Niemeyer da Pietronero da Wiesmann a Suwizalan suka auna tartsatsi na gaske a kan gilashi, suka sami kusan adadin nan.

A nan ne wasu ke zarcewa su ce bishiya da jijiyoyin jini da koguna duk abu ɗaya ne. Mu dai ba mu bi su ba. Reshen kuka yana da gado a cikin iri, yana bin rana, yana ɗaukar nauyin kansa, tartsatsi kuwa ba ruwansa da ko ɗaya. Kama da wane ba ta wane. Inda hujja ta tsaya shi ne inda girma ya dogara ga abin da ke isowa daga waje da ƙyar.

Gwajin da ya fi gamsar da mu a Japan aka yi shi, a 1989. Fujikawa da Matsushita suka shuka ƙwayoyin bakteriya a tsakiyar faranti mai tauri, suka ƙaranta musu abinci. Na bakin gaba suka cinye ɗan abin da ke isowa, na ciki suka tsaya cik, taron ya fita da rassa, adadinsa kusan 1.7. Da aka wadata su da abinci, sai suka girma a dunƙule kamar waina.