Wasiƙa daga Toronto: Mutumin da ya ƙi tashi daga kujerarsa

 

Kwanaki da muke waya, Yaya ya yi mamaki da na ce mai gidan da nake haya ba ya iya ƙara min kuɗi yadda ya ga dama. A tsofaffin gidaje irin nawa, gwamnatin lardin Ontariyo ce ke yanke iyakar ƙarin da za a yi kowace shekara. Na yi alkawarin ba ku labarin ɗaya daga cikin waɗanda suka taɓa riƙe wannan aiki, Alvin Curling. To ga shi.

An haife shi a Kingston ta ƙasar Jamaika a 1939. Ya zo Kanada, ya yi aiki a Kwalejin Seneca. A 1985 ya tsaya takara a jam'iyyar Liberal, ya ci kujerar Scarborough ta Arewa a majalisar dokokin lardi. A shekarar ce jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ta faɗi bayan shekara 42 tana mulkin Ontariyo. Sabon Firimiya, David Peterson, ya naɗa shi ministan gidaje. A nan ana cewa minista ko da na lardi ne, kamar dai kwamishina a wajenmu. Shi ne baƙar fata na farko da ya shiga majalisar ministocin Ontariyo.

Tun 1975 akwai dokar ƙayyade haya, amma ba ta shafi sababbin gine-gine ba. A zamaninsa, a 1986, aka faɗaɗa ta har ta haɗa da su. A 1987 aka mayar da shi ma'aikatar koyar da sana'o'i, a 1989 kuma aka sauke shi daga minista. A 1990 jam'iyyarsa ta sha kaye, amma shi mutanensa suka mayar da shi majalisa. Ya zama ɗan adawa, babu ma'aikata, babu ikon sa hannu.

To a nan ne labarin yake. A 1995 Mike Harris ya hau mulki da niyyar rage kashe kuɗin gwamnati. Ya kawo wani ƙaton ƙudiri, mai lamba 26, wanda ya dunƙule gyaran dokoki masu yawa wuri guda, har da ba ministan lafiya ikon rufe asibitoci. Ana so a zartar da shi da sauri kafin hutun Kirsimeti. A watan Disamba, da aka zo jefa wata ƙuri'a, Curling ya ƙi jefawa. Kakakin majalisa ya umarce shi ya fita, ya ƙi motsawa. 'Yan jam'iyyarsa da na NDP suka kewaye kujerarsa, mai ɗaukar sandar majalisa ya kasa isa gare shi. Nan ya kwana. Sa'a 18 ya yi a zaune, aikin majalisa ya tsaya cik, har gwamnati ta yarda a saurari ra'ayin jama'a kan ƙudirin.

Kada ku ɗauka ya yi nasara gaba ɗaya. A Janairun 1996 an zartar da dokar. Daga baya ma gwamnatin Harris ta sassauta dokar haya, ta ba mai gida damar sa farashin da yake so idan ɗan haya ya tashi. Shi ya sa, Yaya, nake liƙe a wannan ƙaramin gida: ranar da na fita, haya mai tsada zan tarar a duk inda na je.

Abin mamaki, a 2003 da Liberal ta dawo mulki, majalisar ta zaɓe shi Kakaki. Wanda ya ƙi bin umarnin Kakaki, shi ne ya koma yana tsawatar wa wasu. A 2005 ya ajiye kujerarsa, aka tura shi jakadan Kanada a Jamhuriyar Dominika, ya dawo a 2006.

Na daɗe ina tunanin wannan mutum. Shekara 20 ya yi a majalisa, 4 kacal yana minista. Abin da ya gina yana minista, wasu sun zo sun rushe wani sashensa. Amma daren da ba shi da komai sai kujerarsa, ya samo wa mutane damar faɗin albarkacin bakinsu kafin a yanke hukunci a kan asibitocinsu. Ni dai da wannan nake auna ɗan siyasa: me ya yi bayan an karɓe muƙamin?

A gaida Inna da su Kawu, a shafa min kan yara. Sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu.

Naku har kullum.