Bakteriyofej

bakteriyofej (suna, mace, a taƙaice fej). Daga Girkanci, "mai cin bakteriya". Ƙwayar bairos ce da ba ta kama komai sai bakteriya: takan maƙale a bangonta, ta tura sinadarin gadonta ciki, ta hayayyafa. Ƙwayoyin jikin mutum ba abincinta ba ne, shi ya sa masu binciken sankara suka rungume ta hannu biyu. Félix d'Hérelle ne ya raɗa mata suna a Faransa a 1917. A 1985 George Smith ya nuna ana iya ɗora guntun furotin a fatarta. Da wannan dabara mai ban sha'awa ake tace miliyoyin fej, a tsamo wadda ke manne wa ƙari. Ta wannan hanya aka samo ramucirumab, maganin sankarar tumbi. Misali: An shafa wa fej rini mai ƙyalli don ta nuna inda ƙarin yake a jikin ɓera.