Bututun Bindigar Kaka: Me Ƙarfen Yake Faɗa?

Jama'a masu saurare, makiyaya da 'yan kasuwar kan iyaka, ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na tarihi. Mafarin zancen wani dattijo ne makiyayi da ya tare ni a kasuwar dabbobi, ya kwance wani tsumma, sai ga bututun bindigar farauta, ba ƙota, ba kunama, tsatsa ta ci bayansa. Ya ce a gidansu an gaji labari cewa bindigar ta zamanin Sarkin Damagaram Tanimun ce. Wani dillali yana son saye, jikansa kuma yana son maƙeri ya sa mata sabuwar ƙota ya riƙa tsaron garke da ita. Tambayarsa ɗaya: yaya za a san shekarunta?

To, labarin bai zo da mamaki ba. Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi ta hanyar fataucin Sahara daga Tarabulus, har an ƙera masa igwa a Zinder. Amma bututu yana da nasa bakin. Ƙasashen Turai masu ƙera makamai sun daɗe da kafa gidajen gwaji, inda ake ɗura wa kowane bututu albarushi fiye da kima a harba. In bai fashe ba, sai a buga masa hatimi, galibi a ƙasa kusa da gindi, wurin da katako ke rufewa. Hatiman nan suna sauyawa da zamani, shi ya sa suke nuna shekaru.

Mu fara da Liyej ta ƙasar Beljiyam, garin da ya cika kasuwannin Afirka da bindigogi masu araha. Hatiminsa haruffa uku ne, E, L, G, da ɗan tauraro, cikin zagaye mai siffar ƙwai, tun wajen 1810. Daga 1893 aka ɗora kambin sarauta a kan zagayen ga bindigogin da ake karyawa a sa harsashi ta baya. Daga 1924 kuma aka fara buga lamba irin 12-70 cikin zagaye mai buɗaɗɗen baki. Sha biyu faɗin bututu ne, saba'in kuma tsawon gurbin harsashi a milimita. In ka ga hoton zaki da haruffan PV, an gwada bututun da albarushin zamani mara hayaƙi.

A Ingila, an kafa gidan gwaji na Barmingam a 1813. Tsohon hatiminsa sanduna biyu ne gicciye da kambi a sama, har zuwa 1904, lokacin da aka koma haruffa irin BP da BV da NP. In ka ga BNP, to daga 1954 ne zuwa sama. Rubutun NOT FOR BALL kuwa ba ya fita daga tsakanin 1875 da 1887.

A ɓangarenmu da Faransa ta mallaka, abin da aka fi gani shi ne na garin Sant-Etiyen, mai hatimin ganyen dabino gicciye. Can ne kamfanin Manufrance ya fitar da Simplex mai baki ɗaya a 1908, da Robust mai baki biyu a 1913. Sai Baikal ta Rasha: wadda aka rubuta wa USSR an yi ta ne kafin Tarayyar Sobiyet ta wargaje a ƙarshen 1991.

Ga inda dillalai ke cin mutane. Sai a nuna maka bindigar ɗuri, harba-ka-ruga, a ce ai wannan ta haura shekara ɗari biyu. Ba lalle ba ne. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a Burusel, suka hana sayar wa mutanen yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Saboda haka masana'antun Liyej suka ci gaba da ƙera tsohon samfurin don kasuwarmu har cikin ƙarni na ashirin, kuma bindigar ɗuri ta ci gaba da ɗaukar ELG mara kambi bayan 1893. Kun ga ke nan, tsohon yayi daban, tsufa daban. Bututun da ba shi da hatimi ko ɗaya kuwa, sau da yawa aikin maƙeranmu ne, da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota. Gwanintarsu abin yabo ce, amma ba wanda ya gwada ƙarfen.

Mu koma ga dattijonmu. Muka shafa wa gindin bututun mai, muka goge da tsumma, muka murza alli a wurin. Kada a sa zarto ko sanfefa, don su ke cinye hatimin. Haruffa suka fito: ELG da kambi a kai, ga 12-70 a gefe. Ma'ana bututun bai girmi 1924 ba, shekara arba'in bayan rasuwar Tanimun. Muka duba ko'ina, babu zaki, babu PV.

Dattijo ya yi shiru, sannan ya ce, "Ashe ta babana ce, ba ta kakan kakana ba." Na ce masa, "Baba, ba ta rage daraja ba. Ta yiwu an yi wata bindigar a gidanku a zamanin Tanimun, ta lalace, labarinta ya hau kan wannan." Haka abin yake faruwa da takubba da tasoshin gado.

Amma abin da ya fi tarihi nauyi shi ne hannun jikansa. Albarushi mara hayaƙi, wanda aka ƙirƙiro a Faransa a 1884, ba irin bugun baƙin albarushi yake yi ba, kuma shi ne a cikin kartush ɗin da ake sayarwa yau. Bututun da ba a gwada da shi ba, ga tsatsa ta rarake cikinsa, yana iya tsagewa daidai inda hannun hagu ke riƙe. Haka nan in gurbin milimita 65 ne aka cusa masa harsashi mai 70: zai shiga lafiya lau, matsalar sai an ja kunama. Ko bututu mai hatimin PV ma, shaidar ranar gwaji ce, ba ta yau ba.

'Yan kasuwa kuma ku kiyaye. Bututu ko babu ƙota, wurin jandarma da kwastan yanki ne na makami. A Nijar da Najeriya duka, riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma takardar wannan ɓangare ba ta aiki a wancan. Kada wani ya ba ka saƙon "tsohon ƙarfe" ka tsallaka da shi ba ka kwance ka gani ba.

Dattijon dai ya fasa sayarwa, ya kuma hana a kai wa maƙeri. Ya ce zai nemi bayanin hukuma kan ajiye shi, ya gaya wa jikoki ainihin shekarunsa. Wanda ke da irin wannan a gida, ya ɗauki hoton hatimin da wayarsa ya aiko wa shirin, mu duba tare. Bututun dai a bar shi inda yake. Allah ya tsare mu, ya tsare dukiyarmu, sai mako mai zuwa.