Tarihin Cutar Alkama ta Yara

Yau za mu ba ku tarihin wata cuta ta yara wadda ta daɗe tana ɗaure wa likitocin duniya kai. Turawa suna kiranta siliyak. Mu a nan za mu ce mata cutar alkama, domin alkama ce ke tayar da ita. Amma ku lura tun da fari, kada wani ya tafi ya ce an hana cin alkama. Cikin mutum 100, wajen 99 suna cin burodi da taliya lafiya lau. Ɗayan nan da ya rage shi ne abin maganarmu.

Ga yadda ta kan nuna kanta. Yaro yana shan mama, yana ƙiba, ba abin da ke damunsa. Sai a fara ba shi abinci, a haɗa da burodi ko biskit ko taliya. Bayan 'yan watanni sai zawo ya kama shi, ya ƙi tsayawa. Kashin ya kan zo da yawa, fari-fari, da maiƙo, da wari ƙwarai. Ciki ya kumbura kamar tulu, hannu da ƙafa su shanye, fatar ɗuwawu ta yamushe kamar ta tsoho. Yaron da dā ya ke wasa sai ya koma kuka da fushi. Waɗansu kuwa ba su yin zawon, sai dai ka ga jini ya yi musu kaɗan, ko ƙannensu sun fi su tsawo.

Wanda ya fara rubuta labarinta wani likita ne mai rubutu da Girkanci, sunansa Aretiyus, mutumin Kafadokiya, cikin ƙasar da a ke kira Turkiyya yanzu. Kusan shekara 2,000 ke nan. Shi ya laƙa mata suna daga kalmar da mutanensu ke kiran ciki da ita. Ya ga abinci yana wucewa ta jikin mai cutar ba tare da ya amfane shi ba, amma bai san dalili ba.

Daga nan sai 1888, sa'ad da wani likitan London, Samuwel Gi, ya rubuta sifofinta dalla-dalla kamar yadda ya gan su a jikin yara. Mutum ne mai lura. Ya ce in dai za a warkar da mai wannan cuta, to, ta hanyar abinci ne. Ya kuma ba da labarin wani yaro da a ke ba shi naman wani abin teku mai ɓawo, dangin ƙumba, kowace rana. Yaro ya murmure sosai. Da lokacin abin ya wuce sai cuta ta dawo, da shekara ta kewayo kuma yaro ya ƙi ci ƙememe. Likita Gi ya zo bakin gaskiya, amma bai shiga ba, gama cikin abincin da ya yarda a ba yaran har da burodi, in an yanka shi siriri an gasa. Watau da hannu ɗaya yana magani, da ɗayan yana ciyar da cutar, bai sani ba.

A 1924 wani likitan yara a birnin Niyu Yok na Amurka, Sidni Has, ya ce ya sami magani, wai ayaba. Ya kan hana yara burodi da hatsi da dankali da sukari, ya ɗora su a kan ayaba mai yawa kullum, da madara da nama. Yara da yawa suka tashi, sunansa ya bazu, iyaye suka yi ta kawo masa 'ya'yansu daga nesa. Abin da ya tashe su kuwa rashin alkama ne, ayaba ta sami yabo a banza. Kuma akwai ɓarna a ciki. Da yaro ya yi ƙiba sai a ce ya warke, a mai da shi ga burodi, cuta ta ci gaba da cin hanjinsa a ɓoye har girmansa. Ku dubi yadda abin ya ke a lokacin: a 1939 wani likita a London ya bi labarin yara 73 masu cutar, ya tarar 26 sun mutu.

To, yanzu sai ƙasar Holan, inda aka kama zaren. Akwai wani likitan yara, Wilem Dike, shugaban Asibitin Yara na Juliyana a birnin Heg. Tun kafin yaƙin Hitila ya fara zargin alkama, domin ya kan saurari iyaye mata in suna faɗin abin da yaro ya ci kafin ciwo ya tashi. A 1941 ya rubuta cewa a gwada cire alkama daga abincin yaran. Amma ana tsakiyar yaƙi, kuma da Holanci ya rubuta, ba wanda ya kula.

A watan Satumba 1944 ma'aikatan jirgin ƙasa na Holan suka yi yajin aiki don su taimaki sojan da ke zuwa korar Jamusawa. Jamusawa suka rama, suka hana kai abinci yammacin ƙasar, inda manyan birane su ke. Sanyi ya zo da tsanani, ruwan da jiragen kaya ke bi ya daskare. Yunwa ta faɗa wa mutane. Suka ci wata saiwa da a ke yin sukari da ita, suka ci albasar furen da su ke kira tulif. Rabon burodi ya yi ta raguwa, har a watan Afrilu 1945 ya koma giram 400 ga mutum a mako guda. Mutum wajen 20,000 suka mutu. Cikin wannan masifa Likita Dike ya ga abin mamaki a asibitinsa. Kowa yana ramewa, amma yara masu cutar nan zawonsu ya lafa, har suna jin daɗin jikinsu. Da agaji ya iso, burodi ya dawo, sai ciwonsu ya dawo tare da shi.

Mutane su kan ce yunwa ce ta koya masa. A'a, ya riga ya zarga tun dā, yunwa shaida kawai ta ba shi. Kuma shaidar ido ba ta ishe shi ba. Da aka gama yaƙi ya haɗa kai da abokan aiki biyu na birnin Utrek, Weyas da Fan de Kama. Suka riƙa auna abin da yaro ya ci, su kuma auna maiƙon da ya fita cikin kashinsa, kwana da kwanaki. In an ba shi garin alkama maiƙo ya ƙaru, watau abinci yana zubewa. In an ba shi shinkafa ko masara ko dankali maiƙo ya ragu. Aiki ne na ƙazanta da haƙuri, amma shi ya raba gardama. A 1950 Dike ya fito da sakamakon, a 1952 kuma likitocin Bamingam ta Ingila suka tabbatar.

Mene ne mai laifin cikin alkama? Kowace mace da ta taɓa kwaɓa fulawa ta san shi. Danƙon nan ne da ke sa kwaɓi ya yi ja kamar roba, wanda babu shi cikin garin dawa ko na gero. Sunansa gulutin. Akwai shi cikin alkama, da sha'ir, da wani hatsin Turai da a ke kira rai.

A 1954 wani likita a Ingila, Jon Foli, ya ga abin da danƙon ke yi wa hanji, a 1956 kuma wata likita a London, Mago Shaina, ta fito da wani siririn bututu da a ke zurawa ta baki a gutsuro ɗan ƙanƙanen hanji a duba. Cikin ƙaramin hanji na mai lafiya akwai 'yan gashi-gashi kamar na tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai wa jini. Ga mai wannan cuta, in gulutin ya shiga, sai jikinsa ya ɗauke shi abokin gaba, ya tashi yaƙi, garin yaƙin ya aske gashin nan, hanji ya koma sumul. Shi ya sa yaro ke ci amma ba ya gani a jikinsa. In an bar alkama gashin ya kan sake tsirowa. Tun 1997, bayan wani binciken da aka yi a Balin ta Jamus, aka sami hanyar gwada jini mai sauƙi don gane cutar.

An daɗe ana zaton ciwon Turawa ne kaɗai. A 1978 aka rubuta labarinta a jikin yaran Sudan. A 1999 kuma likitocin Italiya suka auna jinin yara 989 na mutanen Yammacin Sahara, waɗanda akasarinsu ke zaune a sansanin gudun hijira cikin hamadar Aljeriya, inda garin alkama na agaji ya zama babban abinci. Suka tarar kusan yara 6 cikin 100 suna da ita, fiye da na Turai nesa ba kusa ba.

Wannan ya shafe mu. Alkama tsohuwa ce a ƙasar Hausa, ana nomanta da rani a fadama, amma dā abincin marmari ce, sai biki ko gidan masu hali. Yanzu ga mai shayi da burodi a kowane ƙauye, ga taliyar leda da a ke dafa wa yara safe da yamma. Duk da haka kada ku yi gaggawa. Yawancin zawon yaranmu daga ruwa marar tsabta ya ke, da ƙudaje, da tsutsar ciki, kumburin ciki kuma sau da yawa ƙarancin abinci mai gina jiki ne. In an yi maganin waɗannan yaro bai tashi ba, sai ku faɗa wa malamin ɗakin magani abin da yaron ke ci, ya tura ku babban asibiti. Kada ku hana shi alkama kafin a gwada jininsa, gama in ya daɗe bai ci ba gwajin ba zai nuna kome ba. In an same ta ga yaro guda a duba 'yan'uwansa da iyayensa, don tana bin jini, wajen ɗaya cikin goma na dangin kusa su kan kasance da ita.

In likita ya tabbatar, magani shi ne wanda Dike ya faɗa: barin alkama har iyakar rai. Babu allura, babu ƙwaya. A nan mun fi Turawa sa'a. Su burodi ne tuwonsu, sai sun sayi wani na musamman mai tsada, su yi ta duba kwali ko akwai alamar zangarniya da aka soke. Mu kuwa gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake, gyaɗa, rogo, doya, dankali, nama, kifi, ƙwai, ganye, duk halal ne ga yaron. Abin bari shi ne burodi, taliya, gurasa, alkaki, funkasau, alkubus, fanke, cincin, biskit, tuwon semo, da abin sha na malt, wanda da sha'ir a ke yinsa.

Wahalar tana ga alkamar da ba a gani. Masu ɗanwake da yawa suna zuba fulawa, haka waɗansu masu waina. Man da aka soya fanke a ciki ba a soya wa yaron ƙosai da shi. Injin niƙan da ya gama alkama zai bar gari cikin dawarku, saboda haka a daka nasa a gida, ko a zubar da na farkon da ya fito. Waɗansu dunƙulen miya ma akwai alkama ciki, wanda ya iya karatu ya duba takardar.

Sa'an nan a koya wa yaron da kansa, da kakarsa, da malaminsa. Kaka ita ce ta kan ce ɗan gutsure kaɗan ba zai yi kome ba, alhali gutsuren ya isa ya ɓata hanji ko da ba a ga zawo ba. Kada kuma a ware shi da akushinsa a gefe kamar mai cuta mai yaɗuwa, wannan ba a ɗaukarta. In gida duka tuwon dawa za a ci, ya sa hannu tare da 'yan'uwansa. Ranar Salla ko suna, sa'ad da a ke raba alkaki da cincin, a tanada masa nakiya ko dakuwa ko kantun gyaɗa tun da wuri, a ƙulle masa a ɗan ƙyalle ya tafi da abinsa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan kunun yaye, da yadda a ke haɗa gero da gyaɗa da wake don yaron da aka cire daga mama. Mu kwana lafiya.