Tafiyar Aljabra Daga Baki Zuwa Allo

A zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya riƙi mulkin Abbasiyawa daga shekara ta 813 zuwa 833 ta Miladiyya, sa'ad da Bagadaza ta zama matattarar masu tarjama da masana taurari da ma'abota hisabi daga kowace nahiya, an yi wani malami, Muhammadu ɗan Musa Alkawarizmi, wanda wajen shekara ta 820 ya wallafa muhtasari a kan hisabin jabru da muƙabala. A kan wannan littafi aka kafa fannin da yara ke karantawa yau da sunan aljabra. Amma da za a buɗe wa ɗalibin zamani shi, lalle ba zai gane cewa darasinsa ne ba, domin in ban da haruffan da mawallafin ya sa a kusurwoyin zane-zanensa, babu harafi guda da ke tsaye a madadin adadi, babu alamar tarawa, babu ta ɗebewa, kai adadin kansu ma da kalmomi aka rubuta su, tamkar dai mutum na karanta babi daga littafin fiƙihu.

Kayan aikinsa uku ne. Adadin da ake nema, wanda ba a san shi ba tukuna, yakan kira shi shai'u, watau abu, wani lokaci kuma jazaru. In an buga shai'u a cikin kansa sai ya zama malu. Adadi tsura kuwa, wanda ba ya rataye da kome, shi ne dirhami. Da waɗannan yake gina mas'ala, kamar shahararriyar nan da aka yi ta kwafa shekaru aru-aru, wadda a cikinta malu guda da jazaru goma suka yi daidai da dirhami 39. Hanyar warwarewa ita ma da baki take: a raba goma biyu a sami biyar, a buga biyar a cikin kanta a sami 25, a haɗa da 39 ya zama 64, a ɗauki jazarunsa takwas, a ɗebe biyar ɗin nan, saura uku. Jabru shi ne cike giɓi, watau in an ce wani gefe yana da goma ban da shai'u, sai a mayar masa da shai'unsa, a kuma ƙara irinsa a ɗaya gefen don kada ma'auni ya karkata. Muƙabala kuwa ita ce a fuskantar da gefen biyu, abin da ya maimaitu nan da can daga jinsi ɗaya a zubar da shi. Da yake bai yarda wani gefe ya tsaya fanko ba, bai kuma karɓi adadin da ya gaza sifiri ba, sai mas'alolin suka rabu masa gida shida, kowane gida da ƙa'idarsa, uku daga cikinsu kuma da hujja ta zane.

Ba shi ne farkon wanda ya nemi adadin da ya ɓuya ba. Mutanen Babila sun bar irin waɗannan mas'aloli a kan allunan yumɓu tun kimanin shekara 1800 kafin haihuwar Annabi Isa, a Iskandariyya Diyofantus ya taƙaita wasu kalmomi zuwa alamu, a ƙasar Hindu kuma Barahamagubta, a littafinsa na shekara ta 628, ya yi aiki da adadin da ya gaza sifiri yana kiransa bashi. Abin da Alkawarizmi ya ƙara shi ne tsari, ya mai da dabarun da ke warwatse fanni mai babi-babi wanda malami zai iya biya wa almajiri.

Mene ne ya sa ya ɗauki wannan wahala? A muƙaddimarsa ya bayyana cewa ya nufi abin da mutane ke bukata kullum wajen rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon gonaki da haƙa magudanan ruwa, kuma wanda ya duba littafin zai ga cewa kusan rabinsa a kan wasiyyoyi ya ƙare. Mas'alar da ya buɗe wannan sashe da ita ta cancanci a tsaya a kanta. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya maza biyu, ya yi wasiyya da sulusin dukiyarsa ga wani bare, ya bar dirhami goma a hannu, sa'an nan yana bin ɗaya daga cikin 'ya'yan bashin dirhami goma. Wahalar a nan ita ce ɗan da ake bi bashi magaji ne, rabonsa daga cikin bashin zai fita, abin da ya fita daga bashin kuwa ya shiga tarika, tarika kuma ita ce ke iyakance rabonsa. Ko ta ina aka ɓullo sai a tarar amsa tana jiran amsa. Sai malamin ya ce a kira abin da zai fita daga bashin shai'u. Tarika ta zama goma da shai'u. Mai wasiyya ya ɗauki sulusi, kowane ɗa kuma sulusi ne zai same shi, watau uku da sulusi tare da sulusin shai'u, wannan kuwa shi ne daidai da shai'un da aka fara da shi. Da aka yi muƙabala sai sulusi biyu na shai'u suka yi daidai da uku da sulusi, shai'u ya fito biyar. A ganina dukan sirrin fannin yana cikin wannan ƙarfin hali, na a raɗa wa abin da ba a sani ba suna, a yi ta mu'amala da shi, ana tara shi ana kasa shi kamar yana hannu, har ya gaji ya bayyana kansa.

Waɗanda suka biyo baya, irin su Abu Kamil na Masar da Alkaraji wanda ya yi zamani a Bagadaza wajen shekara ta 1000, sun faɗaɗa fannin har kalmomi suka soma yi masa nauyi. In an buga malu da shai'u aka sami ka'abu, to gaba da nan babu sabon suna, sai a riƙa jera na da: malu malu, malu ka'abu, ka'abu ka'abu, har abin da yaro zai rubuta yau da harafi guda da ɗan bakwai a kafaɗarsa ya zama malu malu ka'abu. Samau'al, wanda ya rubuta littafinsa Albahir yana ɗan shekara 19, ya nemi sauƙi ta hanyar jadawali, kowace martaba da gidanta, a zuba adadi kawai a ƙarƙashinta.

A Magrib da Andalus ne haruffa suka shigo. Can malamai sun bi hanya biyu a lokaci guda, ɗaya ta haddacewa, ɗaya ta aiki. Ibnu Yasamin, wanda ya rasu a Marrakush a 1204, ya ƙulla ƙa'idojin jabru a cikin urjuza, waƙar da almajirai suka riƙa haddacewa ana yi mata sharhi ƙarni bayan ƙarni, kamar yadda ake yi wa matanin nahawu. Wajen aiki kuwa akan yi lissafi ne a kan allon ƙura, a rubuta da tsinke a shafe, inda babu filin doguwar jimla, sai aka riƙa ɗaukar harafin farko na kowace kalma. A littattafan Alƙalasadi, wanda aka haifa a Basɗa ta Andalus a 1412 ya rasu a Baja ta ƙasar Tunis a 1486, wanda kuma masanin fara'ili ne, watau ilmin rabon gado, za a ga shinun a madadin shai'u, mimun a madadin malu, kafun a madadin ka'abu, lamun kuma tsakanin gefe biyu don nuna daidaito. Ba shi ya ƙago su ba, don an same su a rubuce-rubucen magabatansa kamar Ibnu Ƙunfuzu na Ƙusanɗina, amma ta hannunsa suka yaɗu.

Turawa sun sami littafin Alkawarizmi da Latin a 1145, ta tarjamar wani Bature ɗan Ingila mai suna Robat wanda ya zauna a Sifen, Fibonaci kuma, da ya koyi hisabi a Bijaya inda mahaifinsa ke aikin kwastan, ya fitar da nasa littafin a 1202. Duk da haka su ma sai da suka shafe shekara fiye da 400 kafin rubutun ya daidaita. Alamar tarawa da ta ɗebewa sun fara fitowa a bugu a Jamus a 1489, cikin littafin lissafin 'yan kasuwa. Layuka biyu na daidaito Robat Rikod ne ya kawo su a 1557. Faranswa Biyet a 1591 ya yi babban yunƙuri, ya sa harafi har a madadin adadin da aka sani, wanda hakan ya sa ibara guda ta ɗauke mas'aloli dubu. Sa'an nan Rene Dekart a 1637 ya ware x, y, z ga abin da ake nema, a, b, c ga abin da aka bayar. A kan tsarinsa ake har yau.

A ƙasar Hausa hisabi ya zauna ne a zauren malaman fara'ili, masu biyan babin gado na Risala da Muhtasar Halil, waɗanda alƙalai ba su iya yin rabo sai da su. Aikinsu na farko shi ne fitar da asalin mas'ala, watau adadin da nusufi da sulusi da sudusi da sumuni za su fita daga cikinsa ba tare da karaya ba, in kuwa kaso ya fi asali yawa sai a yi aulu. Misalinsa wanda ya rasu ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba: asali 24, mata uku, 'ya'ya 16, iyaye huɗu huɗu, jimla 27, sai a mayar da asali 27, sumunin matar ya koma tusu'i, kamar yadda aka ruwaito Sayyidina Ali ya ba da fatawa yana bisa mumbari. Malamin da aka kawo wa gadon shanu 40, da wasiyyar biyar ga masallaci, da magada maza biyu mata uku, yakan ce namiji kai biyu, mace kai guda, kawuna bakwai ke nan, a fid da biyar, a kasa 35 gida bakwai. Ya rubuta 2x + 2x + x + x + x + 5 a zuciyarsa, ya taƙaita ta zuwa 7x + 5, ya warware, alƙalaminsa bai taɓa takarda ba.

Ba za a wuce nan ba a ambaci Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi ba, Bakatsinen da ya yi hajji ya zauna Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Littafinsa Bahjatul Afaƙ a kan ilmin haruffa da aufaƙu yake, watau hatimi, kuma ko da yake wannan ba jabru ba ne, akwai ƙa'ida ta hisabi tsantsa a ƙarƙashinsa. Hatimi mai gida uku-uku, in an zuba masa ɗaya zuwa tara, kowane layi 15 yake bayarwa, mai biyar-biyar 65, mai bakwai-bakwai 175, kuma duka daga doka guda suke fitowa: a buga yawan gidajen layi a cikin kansa, a ƙara ɗaya, a sake bugawa da yawan gidajen, a raba biyu. Da wuya malamin aji ya sami misalin da ya fi wannan wajen nuna wa yaro yadda ake zuba adadi a gurbin harafi a fitar da ƙimar ibara.

Haruffan Dekart kuwa ta hanyar boko suka iso, bayan Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa ya kafa makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, Gwamna Kilifod ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, aka kuma tsara makarantun Midil a larduna wajen 1930. Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 a 1982, ƙaramar sakandare ce wurin da kowane yaro ke haɗuwa da su, yana ɗan shekara 12 ko 13, kuma abin da ya ci wa malaman duniya shekara 800 akan so ya haɗiye shi cikin zango guda, da harshen da bai gama mallaka ba. Nan ne wata al'ada ta malamai ke yin ɓarna, inda don neman sauƙi sukan ce 3a da 2b ba sa haɗuwa saboda a ayaba ce, b kuma barkono. Yaro yakan riƙe wannan da kyau, har ranar da aka ce masa a daidai yake da huɗu, ya tsaya yana mamakin yadda ayaba ta zama huɗu, alhali harafi adadi ne tun asali, kamar yadda shai'u ya kasance adadin dirhamin da zai fita daga bashi. Malamin da ya fara da mas'ala ta baki, ya bar yara su faɗi abin da ake nema da Hausa, su gaji da maimaita shi har su nemi a gajarta, sa'an nan ya miƙa musu harafi, ya fi samun yaran da ba sa mayar da 7x + 5 ta zama 12x.

A Maradi da Damagaram darasin nan da Faransanci ake yinsa a kolej, da haruffan nan dai, daga hagu zuwa dama. Amma jikokin waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, su a makarantun Sudan da Larabci suke karanta shi, suna rubuta sinun inda ɗan Kano ke rubuta x, sadun a gurbin y, ibarar kuma tana tafiya daga dama zuwa hagu.