Street Fighter II: 'Yan faɗa takwas da suka cika gidajen gem

Street Fighter na farko, wanda kamfanin Capcom na Japan ya fitar a 1987, bai yi wani tashe ba. Ryu kaɗai ake ba ka, sai in wani ya ƙalubalance ka a ba shi Ken. Wasu injinan ma manyan maɓallan roba aka sa musu, ƙarfin dukanka shi ne ƙarfin naushin, mutane suka yi ta kirɓar su. Daga baya waɗanda suka ƙirƙiro shi suka tattara suka koma SNK.

Aikin na biyu ya faɗo hannun Akira Nishitani da Akira Yasuda, waɗanda suka yi Final Fight a 1989. Da ya fito a 1991, sai ga mutum takwas har da Ryu da Ken, ka zaɓi wanda ranka yake so, kowa da ƙasarsa da salon faɗansa. A ganina nan ne sirrin yake. Dhalsim ɗan Indiya yana daga nesa zai miƙo hannu ya mare ka, ya bi ka da wuta daga baki. Zangief, ɗan kokawar Tarayyar Sobiyet, jiki duk tabon kokawa da beyar, tafiyarsa kamar ta hawainiya, amma ranar da ya damƙe ka ka shiga uku. Blanka na Brazil lantarki yake saki. Honda ɗan sumo ne. Chun-Li, mace tilo a cikinsu, jami'ar Interpol ce daga Sin mai neman fansar mahaifinta.

Sai Guile, sojan saman Amurka mai gashi a tsaye. Shi sai ka danne sanda ƙasa ko baya na kusan daƙiƙa biyu kafin makaminsa ya fito, shi ya sa masu riƙe shi ke tsugunne a lungu suna jira. Ka yi tsalle ya tare ka da ƙafa, ka tsaya ya jefo Sonic Boom. An sha ɓata zumunci a kan wannan tsugunon.

Jera duka ba tare da abokin karawa ya samu damar karewa ba, abin da yau kowane gem na faɗa ke tinƙaho da shi, ba da niyya aka tsara shi ba. Wajen gwaji aka lura da shi, aka bar shi don ana ganin zai yi wuyar yi. 'Yan wasa kuwa suka ƙware a kai.

Manyan abokan gaba huɗu ne a ƙarshe. A Japan sunan ɗan damben cikinsu M. Bison, kuma kamarsa ɗaya da Mike Tyson. Gudun shari'a ya sa aka juya sunayen a Amurka: ɗan dambe ya zama Balrog, ɗan Sifen mai farata ya zama Vega, shugaban mugayen ya karɓi M. Bison. Sagat ɗan Thailand ne kaɗai ya tsira da sunansa, da tabon da Ryu ya bar masa a ƙirji.

A 1992 Champion Edition ya ba mutane damar riƙe huɗun nan. Masu satar fasaha suka fito da nasu mai gudun tsiya, har Capcom ta mayar da martani da Hyper Fighting. A shekarar ne kuma wasan ya shiga gidaje ta Super Nintendo, inda aka sayar da fiye da miliyan 6.