Masu Jiran Dusar Ƙanƙara: Tarihin Wani Takaici a Ingila



Akwai wasu mutane a Ingila da barcinsu kan ragu da zarar watan Nuwamba ya kama. Ba ma'aikatan hukumar yanayi ba ne, cikinsu akwai direban bas, akwai malamin makaranta, akwai ɗan fansho, sha'awa ce kawai ta haɗa su. Sau huɗu a kowace rana wata babbar kwamfuta ta hukumar yanayin Amurka tana fitar da taswirorin hasashe har na kwana 16 masu zuwa, su kuma suna zaune sun zuba ido. Abu guda suke nema a taswirar, wato iskar da za ta taso daga gabas ko arewa ta kawo musu dusar ƙanƙara. Wani lokaci taswira ta nuna ta nan da kwana goma, a yi ta murna. Bayan kwana biyu hasashen ya sauya, iskar teku ta dawo da yayyafinta, murna ta koma ciki. Su da kansu suna kiran hasashen nesa da wani suna na zolaya mai ma'anar tsibirin mafarki, amma gobe da asuba za su sake dubawa. Idan dare ya yi kuma ana zaton wani abu, sai su tsaya a taga suna kallon fitilar titi, don a haskenta ake fara gane ko abin da ke sauka ruwa ne ko dusa.

Mu da akasarinmu ba mu taɓa taka ta ba, har sunanta ma daga turmi muka aro shi, muka ce ta yi kama da dusar hatsi, abin zai iya ba mu dariya. Mutum ya ɓata rai don ba a yi sanyi ba? To amma tambayar da ta ja hankalinmu ita ce, wa ya yi wa mutanen Ingila alkawarin dusar ƙanƙara tun farko?

Ƙasarsu dai ba ta yi musu ba. Landan ta fi birnin Winnipeg na Kanada kusa da ƙuryar arewa, amma Winnipeg na shafe watanni a daskare, Landan kuwa takan ƙare hunturu da laima a hannu. Dalili shi ne Birtaniya tsibiri ce, iskar da ta fi kaɗawa a can daga kudu maso yamma take zuwa, bayan ta ratso Tekun Atilantika mai ɗumi. Kafin dusa ta sauka ta kwanta a filayen Ingila sai an sami wata iska mai nauyi ta kafe a saman Sikandinebiya ko Girinlan ta tare wa iskar tekun hanya, sannan sanyin Rasha ko na ƙuryar arewa ya samu shiga. Hakan na faruwa, amma jefi-jefi.

Alkawarin ya samo asali ne daga wasu ƙarnuka da Turai ta fi yau sanyi, waɗanda masana ke kira ƙaramin zamanin ƙanƙara. A hunturun 1683 zuwa 1684 kogin Tems ya daskare a tsakiyar Landan har kusan wata biyu. Mutane suka kafa rumfuna a kan kogin, kasuwa ta ci, ana gasa nama, keken doki na kai da kawowa. Masu injin ɗab'i ma suka sauko da injinsu kan ƙanƙarar suna buga wa mutum sunansa a ɗan kati ya tafi da shi gida, shaidar cewa ya tsaya a kan ruwa. Sarki Charles na II da iyalinsa na cikin waɗanda aka buga wa. Irin wannan kasuwa ta ƙarshe ta ci a farkon Fabrairun 1814, kwana 4 ta yi, har aka ratsa da giwa a kan kogin kusa da gadar Blackfriars.

Sai dai ko a wancan zamani abin ba na kullum ba ne. Daga 1400 zuwa 1831 hunturu 24 ne aka rubuta cewa kogin ya daskare a Landan, cikin shekaru sama da 400 ke nan. Kuma ba sanyi kaɗai ke daskarar da shi ba. Tsohuwar gadar Landan tana da ƙananan ƙofofin ruwa 19, ƙanƙarar da ruwa ya kwaso takan maƙale a cikinsu ta zama kamar madatsa, ruwan baya ya lafa ya daskare. Da aka buɗe sabuwar gada a 1831 aka rushe tsohuwar, daga baya kuma aka gina wa kogin bango ya ƙara gudu, shi ke nan kasuwar kan ƙanƙara ta zama labari.

Kalanda ma ta sa hannu. A 1752 Birtaniya ta bar tsohon lissafin kwanaki ta koma sabo, aka tsallake kwana 11, mutane suka kwanta ranar 2 ga Satumba suka tashi 14 ga wata. Wannan ya janyo ranar Kirsimeti baya zuwa farkon sanyi, alhali a can dusa ta fi sauka a Janairu da Fabrairu.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. An haifi Charles Dickens a Fabrairun 1812, ƙuruciyarsa ta faɗo a shekaru goma mafi sanyi da Ingila ta gani tun shekarun 1690. Yana dab da cika shekara biyu aka yi kasuwar ƙarshe a kan Tems. Yana ɗan shekara uku dutsen Tambora ya fashe a Indonesiya, tokarsa ta dushe rana, 1816 ta zama shekarar da Turawa ke cewa ba ta da bazara. Da ya girma ya kama alƙalami, hunturun da ya zubo a takarda shi ne wanda jikinsa ya sani yana yaro. A The Pickwick Papers akwai bikin Kirsimeti a ƙauye, ana zamiya a kan tafkin da ya daskare har ƙanƙara ta fashe da dattijon labarin. A Christmas Carol ya fito ranar 19 ga Disamban 1843, kwafi 6,000 na bugun farko suka ƙare kafin ranar bikin, a ciki ana kwashe dusa daga kan rufin gidaje da safiyar Kirsimeti. Abin dariyar, Disamban da littafin ya fito yana cikin masu ɗumi a tarihin awon ƙasar. Masu karatu suna tafe da littafin dusa a aljihu.

Ba mu ce Dickens shi kaɗai ya yi wannan aiki ba. Masu zanen katin gaisuwa, masu waƙa, daga baya masu fim da masu talla, kowa ya ɗora nasa tubalin. Amma ya kamata mai son rubutu ya tsaya a nan ya yi tunani. Mutum ɗaya ya rubuta yanayin ƙuruciyarsa da kyau, har jikokin jikokin masu karatunsa suna ganin kamar sararin sama ya ci musu bashi. Mu ma mun san irin wannan a gida. Duk shekara dattawa na cewa hunturun yanzu wasa ne, na da shi ne sanyi, kuma yawancinmu idan muka zo siffanta hunturu a labari, na bakinsu muke rubutawa, ba wanda muka fita muka ji da safiyar yau ba.

Ƙarni na 20 ya ƙara wa alkawarin ƙarfi da hunturu biyu. A 1947 dusa ta fara a ƙarshen Janairu ba ta saki ba sai tsakiyar Maris, kwana 55 a jere tana sauka a wani yanki na ƙasar. Ba a daɗe da gama yaƙi ba, abinci ma da kati ake raba shi. Kwal ya daskare a inda aka tara shi, jiragen ƙasa suka maƙale, aka riƙa ɗauke wa gidaje wuta awa biyar a rana, masana'antu suka rufe, tumaki suka mutu da yawan gaske a kan tuddai. Da dusar ta narke sai ambaliya ta biyo baya. Na biyun ya fara ne washegarin Kirsimetin 1962 ya kai farkon Maris na 1963. Teku da kanta ta daskare a gaɓar Herne Bay, zagaye na uku na gasar Kofin FA da ya kamata a buga a yini ɗaya ya ɗauki kwana 66.

Matar da ta yi layin kwal a 1947 da jariri a hannu ba ita ce ke kewar dusa ba. Masu kewar su ne waɗanda suke yara a 1963, waɗanda ba su biya kuɗin wuta ba, ba su haƙa tunkiya daga cikin dusa ba, abin da suka riƙe shi ne gari ya yi fari fat kuma an yi wasa. Su suka ba 'ya'yansu labari, 'ya'yan kuma yau su ne ke tsaye a taga suna kallon fitilar titi.

Akwai wani ɓangare na masu wannan sha'awa da mu dai a ganinmu sun fi cancantar a san da su, wato masu rubutawa kullum. George James Symons yana saurayi ya fara tattara awon ruwan sama daga hannun 'yan sa kai, kundinsa na farko na shekarar 1860 yana da wurare 168, kafin rasuwarsa a 1900 sun haura 3,000. Limaman coci ne, da likitocin ƙauye, da masu lambu, kowa ya fita da safe ya duba ma'auni ya rubuta, ko an yi abin mamaki ko ba a yi ba. Gordon Manley ya kwashe shekaru kusan 30 yana bin tsofaffin kundayen irin waɗannan mutane, yana daidaita ma'aunin wannan da na wancan, har ya haɗa jerin awon zafin tsakiyar Ingila wata bayan wata tun daga 1659. Babu jerin awon zafi da ya kai shi tsawo a duniya. Shi kuma Leo Bonacina dusar kanta ya bi, ya jera hunturun Birtaniya tun daga shekarun 1870, ya ba kowanne matsayi: kaɗan, matsakaici, mai yawa, ko mai yawa ƙwarai.

Waɗannan kundaye ba su goyi bayan kowa ɗari bisa ɗari ba. Ga mai kewar da, suna cewa hunturun da yake ɗauka shi ne na asali baƙo ne. A jerin Manley, na 1962 zuwa 1963 shi ne na uku a sanyi cikin shekaru sama da 350, ba wanda ya fi shi sai na 1684 da na 1740. A jerin Bonacina, shekarun "kaɗan" sun fi na "mai yawa ƙwarai" nesa ba kusa ba, tun kafin a haifi masu ƙorafin yau. Hukumar yanayin ƙasar ma ta ce tun 1960 sau huɗu kacal dusa ta kwanta a wurare masu yawa ranar Kirsimeti: 1981, 1995, 2009 da 2010. Don haka ma'anar farar Kirsimeti a hukumance ta zama abin tausayi, ƙwayar dusa ɗaya tak idan aka ga ta faɗo cikin awa 24 na ranar 25 ga Disamba ta wadatar, ko da ta narke kafin ta taɓa ƙasa da kyau. A kan wannan ƙwaya ɗaya 'yan caca ke zuba kuɗi.

Ga mai yi musu dariya kuwa, kundayen suna cewa ƙorafin yana da tushe. Jerin Manley, wanda hukumar ke ci gaba da cikawa, ya nuna tsakiyar Ingila ta ƙara ɗumi da kimanin digiri ɗaya. A Rasha digiri ɗaya ba ya hana dusa sauka. A Ingila kuwa, inda takan sauka a daidai bakin daskarewa, digiri ɗaya ne tsakanin farin gari da ruwan sanyi mai jiƙa takalmi. Disamban 2010 ya zo da sanyin da ba a gani ba cikin shekara 100, ƙarshen Fabrairun 2018 iskar Saberiya ta rufe hanyoyi, masu jira suka ce abin nema ya samu. Amma Disamban 2015 ya zama mafi ɗumi a duk jerin, furannin bazara suka buɗe kafin Kirsimeti. Ranar 26 ga Fabrairun 2019 ma'auni ya kai digiri 21.2 a lambun Kew da ke Landan, mutane na shan iska da 'yar shara a watan da ya kamata a ce ana rawar ɗari.

Wanda yake son ganin abin da idonsa sai ya hau tsaunukan Cairngorms na Sikotilan. A wani lungu na dutsen Braeriach da rana ba ta cika shiga ba, akwai wani ɗan facin dusa da ake kira Sphinx, wanda a da yakan tsallake bazara ya kai ga sabuwar dusar shekara mai zuwa. A duk ƙarni na 20 sau uku aka san ya narke gaba ɗaya, a 1933 da 1959 da 1996. Daga nan sai 2003, 2006, 2017, 2018, sannan 2021, 2022, 2023 da 2024 a jere. Masanin halittu Adam Watson ya bi waɗannan facin dusa shekaru da dama har ya rasu a 2019. Iain Cameron, wanda ba aikinsa ke nan ba, sha'awa ce, shi ke ci gaba da lissafin tare da wasu 'yan sa kai. Duk kaka sai ya yi tafiyar sa'o'i a ƙafa zuwa lungun da tef ɗin awo a jaka. Wasu shekarun yakan tarar da abin da bai fi faifai ba, ya durƙusa ya auna shi ya rubuta. Wasu shekarun duwatsu kawai yake tararwa a jiƙe, su ma ya rubuta kwanan wata.